Wai da gaske zafi yana kashe bairos a irin dankalin Turawa?

Mai Kaji: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni kuma kar a yi min dariya. Irin dankalina Marabel shekara huɗu kenan ina juya shi daga gona zuwa ɗaki daga ɗaki zuwa gona, to bana abin ya ban tsoro, kusan rabin gonar ganyen ƙasa ya nannaɗe sama kamar cokali, in ka murza shi har ƙara yake kamar takardar buhun siminti, shukar ta tsaya cak ta ƙi rufe kunya. Da na haƙa 'ya'yan kamar ƙwan zabi. Wani ƙanen matata da ke karatun noma ya ce bairos ne, wai kuma Turawa zafi suke ba iri ya warke, digiri 37 da rabi. Ina jin lambar nan na yi zumbur don daidai zafin injin ƙyanƙyasar ƙwaina kenan. In zuba irin a ciki ko in rufa wa kaina asiri?

Ɗan Auta: Yaya in sun ƙyanƙyashe a ajiye min zakara ɗaya

Mai Kaji: Ka ga abin da na ce ko. Kai dai ba ka da aiki.

Baba na Bokkos: Wa alaikumus salam. Yaro rufa wa kanka asiri. Fiye da shekara talatin ina noman nan ban taɓa jin inda zafi ya yi wa dankali rana ba. Me ya sa Turawan kuza suka kawo shi nan saman dutsen Jos ba su kai shi Sakkwato ba? Sanyi yake so. Irinka ya gaji ne kawai, ka sayar ka nemi sabo.

Malamin Gona: Baba ranka ya daɗe, ƙanen matar tasa bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba shi. Wani masani mai suna Kassanis a cibiyar Rothamsted ta Ingila shi ya yi gwajin, an buga sakamakon a 1950. Ya ajiye dankali mai cutar nannaɗe ganye a digiri 37.5 cikin iska mai laima. Duk wanda ya kai kwana 25 da ransa, da aka shuka shi ya fito lafiya lau babu cutar. Amma a lura da kalmar nan, wanda ya kai da ransa, don tun daga kwana 20 wasu sun riga sun mutu ba sa tsirowa. Sannan ga inda gizo ke saƙar: ya yi wa masu bairos X da bairos Y irin wannan har kwana 40, ko gezau ba su yi ba. Wato cuta ɗaya tak zafin ya fitar daga cikin ƙwayar dankali.

Mai Kaji: To Malam ai nawa nannaɗe ganyen ne! Ka ga kenan na dace

Malamin Gona: Wataƙila. Yadda ka kwatanta, ganyen ƙasa ya naɗe sama ya yi kauri yana ƙara, shuka ta tsuke ta ɗashe, ya yi kama da ita sosai. Amma irin da ya shekara huɗu a hannun manomi ba safai ake samun cuta ɗaya a jikinsa ba. Ka tuna ko akwai waɗanda ganyensu ya yi dabbare-dabbare, kore mai duhu da mai haske, ya yamutse kamar kuturtar rogo?

Mai Kaji: Akwai gaskiya, ba su kai waɗancan yawa ba amma akwai

Malamin Gona: To waɗannan injinka ba zai yi musu komai ba.

Alhaji na Yankaba: Ni dai abin da na sani game da zafi da dankali kuka ne. Shekaran baya na ɗauko kaya daga kasuwar Maikatako cikin watan Afrilu, mota ta lalace mana bayan Saminaka, kwana biyu tana tsaye a rana da tamfol a kai direba ya tafi neman kayan gyara. Da muka iso Kano a ido lafiya lau, fata sumul, sai da mai soya dankali ya dawo min da buhu yana zage-zage, ya yanka guda a gabana tsakiyar baƙi ƙirin kamar an ɗiga tawada. Muka yi ta yankawa, na tsakiyar mota duk haka suke. Wannan shi ne maganin da kuke so ku ba iri?

Malamin Gona: Alhaji wannan shaƙewa ce. Dankali yana numfashi, in zafi ya yi yawa numfashinsa yana ƙaruwa, iska kuma ba ta isa can tsakiya sai naman wajen ya mutu ya yi baƙi. A ƙarƙashin tamfol a rana zafin ya wuce 37 nesa ba kusa ba kuma babu iska. Tsakanin zafin da ke kashe cutar da wanda ke kashe dankalin tazarar kaɗan ce, shi ya sa ba aikin a shanya a rufin kwano ba ne.

Ɗan Tawa: Salamu alaikum 'yan Najeriya. Ni ina karantawa ina dariya. In da zafi na warkar da iri da mu ne za mu riƙa saida muku, nan watan huɗu da na biyar 43, 44 ba labari ba ne. Amma kowace shekara sai mun jira irin da ake kawowa daga Faransa da Holan, mu shuka da sanyi mu haƙe mu saida duka, wanda ya ce zai aje nasa ya kai baɗi ruɓa da tsutsa su raba shi da shi.

Malamin Gona: Ɗan uwa abin mamaki maganarka ta taɓa faruwa a Indiya. A shekarun 1950 masu bincike sun lura cewa irin da manoman filayen ƙasar, wajen Bihar, ke ajiyewa a ɗakunan gargajiya ya sha zafin bazara, in an shuka shi cutar nannaɗe ganye ba ta fitowa kamar a wanda aka ajiye a ɗakin sanyi. Zafin gari ya yi musu aikin a kyauta. Sai dai asarar ruɓa da suke yi a ajiyar ba kaɗan ba ce, kuma sauran cututtukan suna nan daram.

Ɗan Tawa: To mu ruɓar kawai muka gada

Maman Ummi: Sannunku da muhawara, yanzu na gama girki na ga saƙo sun taru. Bari in sa baki don na yi aikin nan da hannuna lokacin da nake makaranta, wata shida ina ɗakin renon tsiro a kwalba. Abin da mutane ba su gane ba, yau in ka ji masana na cewa suna amfani da zafi su wanke iri, ba ƙwayar dankali suke gasawa ba. Ɗan tsiro ne da ke girma a cikin kwalba ko tukunya ake sa wa a akwatin da ake saita zafi da haske, wajen digiri 35 zuwa 37, sati uku zuwa shida ya danganta da irin dankalin da irin cutar. Zafin yana rage wa bairos saurin hayayyafa, shi kuma tsiron yana ci gaba da tsawo a wahale, sai can ƙolin tohon ya tsere wa cutar. To wannan ƙolin ake yankewa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma in na ce ƙoli kar ku ɗauka ɗan ganye ne, abu ne da bai kai rabin milimita ba, ƙwayar gero ma ƙatuwa ce a kansa. Ranar farko da aka ba ni wuƙar hannuna rawa yake, na ɓare ƙananan ganyen ɗaya bayan ɗaya sai ga wani ɗan dunƙule yana ƙyalli kamar raɓa, ina numfasawa ya ɓace, har yau ban san inda ya faɗa ba. In ka yanko babba ya rayu amma da cutar, in ka yanko ƙarami ya fita tsaf amma yawanci ya mutu, amfanin zafin shi ne ya ba ka dama ka yanko ɗan babba kaɗan kuma ya fito da tsabta. Bayan nan wata da watanni kana jira ya zama shuka, sannan a yi gwaji a tabbatar, waɗanda suka faɗi gwajin a zubar. Wanda ya tsallake shi ake yayyankawa a ninka ya zama dubbai.

Ɗan Auta: Anti duk wannan wahalar a kan dankalin da za a soya da ƙwai

Maman Ummi: Ƙanena yawancin iri mai takardar shaida da Ɗan Tawa ke jira daga Holan kakansa daga kwalba ya fito. Faransawa biyu, Morel da Martin, su suka fara nuna hanyar yankan ƙolin a 1952 da wani fure, suka maimaita da dankali a 1955. Cibiyar dankali ta duniya da ke Lima a Peru da haka take wanke irin da take rabawa ƙasashe. Mu nan kuma masu binciken dankali suna Kuru kusa da Jos.

Baba na Bokkos: 'Yata Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani. Amma kin ga kin dawo kan maganata, wannan ba aikin ɗakin kaji ba ne.

Malamin Gona: Baba ni a nan na ɗan saɓa muku. Ban ce ya zuba buhu goma ba. Amma mutum yana da inji a ajiye, yana da sola, me zai hana ya ɗauki ƙwaya talatin ko arba'in daga gindin da ya tabbata masu naɗewar ne, ya raba biyu, rabi a inji rabi a ɗaki, ya shuka su kunya da kunya ya gani da idonsa? Asarar ba ta wuce kwano biyu ba. Mun cika jiran sai an zo daga wani wuri an gwada mana.

Maman Ummi: Malam ba gwajin nake ƙi ba, abin da zai biyo baya nake tsoro. Ka san halinmu. Yau in ya sa hoto ya ce ya yi, gobe wani zai zuba irinsa gaba ɗaya a ɗakin kwano ya kunna gawayi, jibi kuma wani ya fara sayar da "iri gasasshe maras cuta" a kasuwa da tsada alhali bairos Y na nan cike da shi. Kuma shi bairos Y ɗin shi ya fi yi wa dankali ɓarna a duniya yanzu, ba a kuma rabe shi da ido kullum, wani irin yana ɗauke da shi ganyen bai nuna sosai ba sai dai ka ga buhu na raguwa. Ga laima da ɗumi, abin da ƙwayoyin ruɓa ke so kenan, ƙwaya ɗaya mai rauni ta isa ta jiƙa masa tire guda.

Malamin Gona: Wannan gaskiya ne ban musa ba. Amma rashin sani ai ba ya hana masu gasa iri gasawa, gara a yi a gaban jama'a a faɗi iyakarsa.

Sabon Manomi: Afuwan ni sabo ne a harkar. Ruwan zafi fa? Na ga ana tsoma 'ya'yan ayaba a tafasasshen ruwa kafin a dasa

Maman Ummi: A'a dan Allah kar ka fara. Na ayaba daƙiƙa 30 ne kuma tsutsotsin da ke bayan gindin ake kashewa, gindin yana da kauri zafin ba ya isa ciki. Rake ma ana yi masa, digiri 50 awa biyu, don wata cutar bakteriya. Shi dankali idanunsa a fata suke, su za su fara dahuwa, bairos kuwa yana cikin naman ko'ina. Za ka samu dafaffen dankali mai cuta.

Ɗan Auta: A kawo yaji da man gyaɗa kawai

Mai Kaji: To ni yanzu kaina ya ɗaure. A ce ma na wanke shi ya fita tas, shikenan na huta?

Malamin Gona: Ina fa. Nan ne ma babbar matsalar. Darɓa ce ke yawo da cutar, waɗannan ƙananan korayen ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye. Ta sha ruwan shuka mai nannaɗe ganye, cutar ta zauna a jikinta har ta mutu, duk inda ta sauka ta zuba. Ka shuka irinka mai tsabta gefen gonar maƙwabcinka da ya shekara shida bai canza iri ba, kaka biyu uku ka koma gidan jiya.

Sabon Manomi: Ba sai a yi ta feshi ba?

Malamin Gona: Feshi yana taimakawa a kan ta nannaɗe ganye don ita sai darɓar ta zauna ta sha sosai kafin ta ɗauka ta kuma bayar. Bairos Y kuwa a bakinta yake maƙalewa, ta ɗanɗana nan daƙiƙa kaɗan ta tashi ta ɗanɗana can, kafin maganin ya kashe ta ta gama aikinta. Shi X ma ba ruwansa da ƙwaro, gogayyar ganye da wuƙar yanka iri da kayan aiki sun ishe shi. Masu raba babban dankali biyu da wuƙa ɗaya tun safe har yamma ku ji da kyau.

Baba na Bokkos: To bari in faɗi wadda ba a so. Mu muke kashe irinmu da hannunmu. In an haƙa a tara wuri ɗaya, manya a kai Maikatako, matsakaita a ci, 'yan mitsi-mitsin da ba mai saye su ne iri. To wace shuka ce ke haifar 'yan mitsi-mitsi in ba maras lafiya ba? Kowace shekara muna zaɓo marasa lafiya muna mayarwa gona muna cewa iri ya gaji. Ni na daina tun da daɗewa. Kafin fure ya buɗe nake shiga gona da safe da tsinken kara a hammata, duk gindin da na ga ya yi kore shar ya baje ganye ba naɗi ba tabo in soka masa kara, wanda ke kusa da mai ciwo ko ya yi kyau ba na sa masa. Bayan sati biyu in sake zagayawa, wanda ya canza in zare karan. Ranar haƙa waɗannan nake fara haƙewa ni da jikokina kafin 'yan ƙwadago su shigo, gindin da ya ba da 'ya'ya kaɗan ko masu lahani shi ma a kai shi cikin na sayarwa. Irina Nicola ya daɗe a hannuna fiye da na kowa a unguwarmu.

Maman Ummi: Baba wallahi abin da kake yi shi aka koya wa manoma a Kenya, cibiyar Lima ɗin nan ce ta yi aikin da su, da aka auna a gonakinsu amfanin ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari a kan na masu ɗibar iri daga tari. Ba inji ba kwalba, kara kawai.

Baba na Bokkos: Su sun rubuta mu ba mu rubuta ba, shi ne bambancin.

Ɗan Kadawa: Mu masu noman rani a Kano mu ne abin tausayi ai, ba mu ga gonar ba ba mu ga ganyen ba, buhu kawai ake sauke mana a ce iri ne daga Jos. Kuma wasu dillalan ragowar ƙananan da suka kasa sayarwa suke ɗurawa su ɗinke baki su ce iri. Ba na kama suna.

Alhaji na Yankaba: Kama mana! Tunda ni kaɗai ne dillali a gidan nan ai da ni kake. Ni abin da manomi ya kawo kasuwa ya ce iri ne shi nake saye, ina da na'urar gani cikin dankali ne? Kuma ku ɗin in an kawo muku mai takarda ku ce ya yi tsada, ku ne masu "Alhaji ba na ƙasa da wannan?" Araha ba ta ado malam.

Ɗan Kadawa: Alhaji ni ban ce kai ba ne amma tunda ka tsargu

Admin: Dan Allah a tsaya a kan batu. Alhaji a yi haƙuri, Ɗan Kadawa a janye. Wanda ya turo tallan maganin ƙarin girman dankali kuma na goge, nan ba wurinsa ba ne.

Malamin Gona: Kafin a watse, Mai Kaji ka tabbata abin da ke gonarka ba ciwon yaushi ba ne, don mutane suna haɗa su. In shuka tana yaushi da rana ko da ƙasa a jiƙe, yanke karan ka rataya shi a kofin gilashi mai ruwa garau, in ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka daga yankan to bakteriya ce, wannan ko kusa da iri kar ya je, kuma gonar ma sai ta huta da dankali da tumatir da barkono na wasu shekaru.

Mai Kaji: Ba yaushi, a tsaye suke ƙyam kamar an sa musu sitati. Na gode kowa da kowa. Abin da na yanke: zan bi hanyar Baba a gonar rani, in Allah ya hore in sayi ko buhu ɗaya na mai takarda in shuka shi can nesa da sauran. Amma gwajin injin ma sai na yi, Anti ki yi haƙuri, in ban yi ba ba zan yi barci ba.

Maman Ummi: Tunda ka nace, to ka zaɓi marasa rauni da fatarsu ta yi ƙwari, kar ka wanke su, ka kashe abin juya ƙwan, ka bar ramukan iska a buɗe da ruwa a tire, kullum ka duba ka cire wanda ya fara laushi. Kuma kar ka haɗa da ƙwai. In ka zo ba da labari ka faɗi adadin da suka mutu, ba waɗanda suka rayu kawai ba.

Mai Kaji: Jama'a barkanmu da warhaka, ga rahoto. Yau kwana 11. Na sa 24 na bar 24 a ɗaki, kowanne na rubuta masa lamba da alƙalamin maka. Uku sun ruɓe na fitar, ɗaya na yanka don in gani tsakiyar ta fara duhu, sauran sun ɗan yamutse amma da ƙarfinsu. Daren Talata batir ya sauka zafin ya faɗo 31 kafin asuba, ban sani ba ko in ƙara kwana ɗaya a lissafi. Uwargida kuma ta ce ɗakin na warin dankali kuma ƙwan zabinta 60 na jira, wai in ba su fita ranar da na ce ba za ta soye su.

Malamin Gona: Ƙara kwana ɗayan. Waɗanda ke ɗaki fa, sun fara tsiro?

Mai Kaji: Biyu sun fito da ido. Bari in ɗauko hoto in an kawo wuta, wayar saura kashi 4